Ranar da Fijon Malam Jaji Ta Ƙi Zama a Silo

Motar Malam Jaji Fijo ce, doguwar nan mai kujera layi uku, wadda yanzu sai ka yini a bakin titi ba ka ga irinta ta wuce ba. Shekara ashirin da shida tana hannunsa, kuma ko lokacin da ya saye ta ba yarinya ba ce. Tsohuwa yake kiranta. Makullin bonet ɗinta ya daɗe da karyewa, da 'yar waya ake ɗaure shi ta waje, birkin hannu kuwa an manta shekarar da ya mutu. Amma ita kaɗai ce mota a Tsamiyar Ahmadu, ƙauyensu da ke can cikin gonaki tsakanin Buji da Jahun. Sauran abin hawa babura ne da amalanken shanu.

Jaji ya san muryar injin nan kamar yadda ya san tarin matarsa. In ya tashe ta da safe ya ɗauke ƙafa daga totur, sai ta zauna tana diri a hankali, tif-tif-tif, abin da direbobi ke cewa silo. Da silon nan yake auna lafiyarta. To a tsakiyar damina, ana cikin marka, silon ya lalace.

Ran nan ya dawo daga kasuwa da yamma, ya iso ƙofar gida zai shigar da ita inda ya saba ajiye ta, tsakanin katanga da bishiyar darbejiya. 'Yarsa Zaituna na zaune a tabarma a gindin bishiyar, ta miƙe ƙafafu saboda nauyin ciki. Jaji ya ɗauke ƙafa daga totur, ya ɗan saki kulochi don ta gangara a hankali. Sai injin ya ɗaga murya shi kaɗai, kamar wani ya taka masa. Motar ta yi tsalle. Ta fasa randar da ke bakin zaure, ta tura turmi gaba, kafin ya danne birki da duk ƙarfinsa ya murɗe makulli. Da ya fito, tsakanin ƙarfen gaban motar da gwiwar Zaituna bai fi taƙi ɗaya ba.

Zaituna ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe cikinta da hannu biyu tana kallon tayar. Uwarta Rakiya ta fito daga zaure, ta dubi motar, ta dubi bishiyar, ba ta dubi 'yar ba. Sai ta durƙusa tana tsince kaskon randar. Rakiya Bafulatana ce, a ruga ta tashi, Zaituna kuwa 'yar fari ce. Shekara ashirin da uku ba wanda ya taɓa jin sunan yarinyar a bakinta, ko ya ga ta tambayi lafiyarta a gaban mutane. Kunya ce, haka aka tashe ta. Jaji dai ya ga kaskon ya ƙare, ita ba ta tashi daga durƙuson ba.

Wannan cikin Zaituna na biyu ne. A na farko, shekara biyu da suka wuce, naƙuda ta kama ta Jaji yana can Kano da fasinja. Aka sa ta a amalanke. Tsakanin ƙauyen da titi akwai wata fadama da ruwa ke cika ta da damina, ba gada, sai dai a ratsa ta mashigi. Awa huɗu suka yi kafin su kai titi. Yaron bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar ta sha. Shi ya sa bana mijinta Sagiru, da ke fatauci a kudu, ya kawo ta gida tun da wuri. Malamar asibiti kuma ta faɗa wa Jaji ido da ido: wannan ba ta haihuwar gida ba ce, da ta fara jin ciwo a sa ta a mota sai Jahun, ko ruwan alwala kada a tsaya nema. Ta ce saura kamar mako biyu. Tun daga ranar Jaji ya daina tafiya mai nisa.

Washegarin fasa randa ya kai motar wurin wani mai gyaran babura da janareta a bakin titi. Mutumin ya ji injin yana ihu, ya sa sukundireba ya yi ta kwance wani sukuru a jikin kafireta, inda fetur ke haɗuwa da iska, har muryar ta ɗan sauka. Ya ce shi ke nan. Jaji ya juyo gida. Yana tsakiyar mashigi, ruwa iya gwiwa, ya ɗan sassauta ƙafa don ya kauce wa rami, sai injin ya yi shiru. Mutuwa murus, ya yi ta buga makulli har batiri ya gaza. Sai da aka ɗauro mata shanu biyu suka ja ta waje.

Yanzu ciwon ya zama biyu. A tudu ta yi hauka, a ruwa ta mutu. Mutanen gari suka fara magana ƙasa-ƙasa a bakin masallaci, cewa mota ba ta yin haka a banza, kuma me ya sa sai kan mai ciki ta nufa. Jaji ba mutumin irin wannan zance ba ne. Shi ne wanda wata shekara ya kwashe duk layun da ke rataye a ɗakunan gidansa ya zuba a rijiyar da ta kafe. Amma kwana biyu ko tuwo ba ya iya gamawa. Da ya ji Zaituna ta yi nishi tana tashi daga zaune, sai ya waiwaya ya dubi motar.

Ran Laraba, gari na wayewa, ya ce wa Rakiya zai je Dutse wurin Ashafa.

"Yau za ka dawo, Malam?"

"Kafin azahar, in Allah ya yarda. Ki bar wayar a jikinki."

Ta ce to. Kamar za ta ƙara wata magana, sai ta juya wajen awaki.

Ya ratsa mashigin ƙafarsa danne da totur, injin na kururuwa, ruwa na tashi ta gefe biyu. A titi ta tafi lafiya lau. Amma tun kafin ya hango duwatsun Dutse ya ji ta fara. In ya taka kulochi zai canja giya, sai muryar ta haura sama maimakon ta sauka, giyar ta yi ƙara kafin ta shiga. A wata mararraba ya kusa hawa kan mai Keke Napep.

Ashafa bakanike ne, tsohon hannu, ɗan gajere mai furfura a gemu. A ƙarƙashin wata rumfar kwano yake aiki, kuma a duk garin shi ya rage wanda ba ya ɓata fuska in an kawo masa mota mai kafireta. Shekara ashirin suna tare da Jaji. Yana zaune a kan tsohuwar taya yana shan koko ya ji ta tun daga nesa.

"Wa ya taɓa mana Hajiya take wannan faɗa? Malam Jaji, ko kishiya ka yi mata?"

Jaji bai yi dariya ba. Ya fito ya bar injin a kunne, ya tsaya gefe, ba gabanta ba. Ashafa ya lura da inda ya tsaya, ya ajiye kofin.

Jaji ya ba shi labari tun daga randa har shanun da suka ja ta, ya faɗa masa na Zaituna da mako biyun malamar asibiti. Ashafa ya kwance wayar bonet ya ɗaga, ya kara kunne. Muryar ba tsaye take wuri ɗaya ba. Ta hau, ta ɗan sauko kamar za ta huta, ta sake hawa.

"Tsofaffin nan, in ka ji suna haka, yawanci iska suke sha ta inda bai kamata ba," in ji shi. "Roba ta tsufa ta tsage, ko bakin kafireta ya saki. Injin ya samu iskar da ba a auna masa ba, sai ya yi ta gudu."

Ya ɗauko wata gora mai hudajjen murfi da fetur a ciki, ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan a gindin kafireta da duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Ya ce in akwai ɓaraka, za ta zuƙe fetur ɗin, muryar ta canja nan take. Jaji yana fatan ta canja. Ba ta canja ba. Ashafa ya ɗauki filaya ya bi ƙananan tiyo yana matse su ɗaya bayan ɗaya. Ba abin da ya motsa. Ya cire murfin matatar iska ya leƙa, ya ce cok, marfin da ke rage mata iska, a buɗe yake, ba shi ba ne.

"A ruwa kuma ka ce mutuwa take?"

"Da na ɗauke ƙafa."

"Ruwa ne ya shiga wajen wuta."

"Na buɗe na duba, a bushe yake. Kuma in na riƙe mata totur tana tashi, bugu ɗaya."

Ashafa ya shafa gemu da bayan hannu. Ya sa sukundireba a kan sukurun silo, ya juya, sai ya ɗago ya dubi Jaji.

"Wane ɗan albarka ne ya taɓa nan?"

"Mai gyaran janareta."

"Allah ya shirye shi. Ya kwance shi har ba ya taɓa komai. Malam Jaji, yadda sukurun nan yake, bai kamata motar nan ta tsaya a kunne ko na ƙiftawar ido ba. Kamata ya yi ta mutu. Ga ta kuwa tana ihu."

"To me ke riƙe da ita?"

Ashafa ya sa babban yatsa a kan ɗan hannun ƙarfen da wayar totur ke ja, ya danna shi baya. Nan take muryar ta faɗo, ta yi ƙasa, har injin ya fara shaƙewa. Ya ɗauke yatsa. Hannun ƙarfen ya koma gaba a hankali, shi kaɗai, muryar ta sake tashi. Ya maimaita. Haka dai.

Jaji ya leƙa cikin motar ta taga. Ba kowa a kujerar direba, fedar totur tana nan ba abin da ke kanta.

"Sifirin ɗin da ke mayar da shi baya lafiyarsa ƙalau," in ji Ashafa, muryarsa ta ɗan yi ƙasa. "Ba kafireta ba ce. Wani abu ne ke jan wayar daga baya."

Ya naɗe hannun riga, ya kama wayar totur da yatsu ya bi ta, daga kafireta zuwa bayan injin, can ƙasa inda take shiga jikin mota, inda ido ba ya kaiwa. Hannunsa ya shige har gwiwar hannu. Sai ya fizgo shi da sauri kamar wanda kunama ta harba, ya ja da baya har ya yi tuntuɓe da taya.

"Ka ƙone?"

"A'uzu billahi. Kawo wayarka, haska can."

Jaji ya kunna fitilar waya ya sunkuya. Da farko baƙin mai kawai ya gani. Sai ya gan ta. Laya ce, ɗinkakkiya da fata, ba ta fi babban yatsa ba, tana lilo tana rawa da girgizar injin. An ɗaure ta da siririyar igiyar fata, igiyar ta zagaye wayar totur ta haɗa ta da wani bututun ƙarfe da ke kusa, ta janyo wayar har ta lanƙwashe.

Injin na ta ihunsa.

"Malam Jaji, ni ƙarfe na sani," in ji Ashafa daga inda yake tsaye. "Wannan ba aikina ba ne. Wa ka ɓata wa a garinku?"

Fuskokin mutanen gari suka riƙa zuwa wa Jaji ɗaya bayan ɗaya: wanda suka yi rigimar iyakar gona, wanda ya nemi Zaituna aka hana shi, har limamin da suke gaisawa kullum. Wani ya zo har ƙofar gidansa, ya kwance wayar bonet, ya zura hannu. Wani da ya san wace ce za ta hau motar nan. Ya tuna taƙi ɗayan nan tsakanin ƙarfe da gwiwar 'yarsa.

"Kada ka taɓa da hannu," in ji Ashafa. "Akwai wani malami a bayan kasuwa, mu kira shi."

Amma Jaji ya riga ya sake sunkuyawa. Ba layar yake kallo ba yanzu, ƙullin yake kallo. Ba irin ƙullin da kowa ke yi ba ne. An yi madauki, an zura bakin igiyar an juyo da shi ta ƙasa, irin wanda Fulani ke yi a dangwali, igiyar da ake jera maruƙa a ɗaure su. Shekara ashirin da biyar yana ganin ƙullin nan a wuyan awakin gidansa, a bakin buhun gero, a igiyar guga. Shi kansa ya sha gwadawa bai iya ba. Ya ƙara matso da fitilar. Igiyar ɗanyar fata ce, ba jemammiya ba, da sauran farin gashi a gefenta. Fatar ragon layyarsu na bana tana rataye a rumbu, kuma kwanan baya ya ga an yanki gefenta, ya ɗauka ɓera ne.

Wani tsoron ya tafi, wani ya zo wanda ya fi shi sanyi.

Yana nan sunkuye wayar ta yi ƙara a hannunsa, har ya kusa sakinta cikin injin. Rakiya ce.

"Malam, yarinyar nan ta fara."

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi take ɓoyewa. Yanzu ruwa ya fashe."

Ya dubi rana. Ta kusa tsakiya. Gabas kuma ta yi baƙi.

"Rakiya, tsaya. Me kika ɗaura mini a mota?"

Jaji yana jin kukan akuya ta cikin wayar, da wata murya can nesa da ya san ta Zaituna ce.

"Da ke nake."

"Kawu ne ya rubuta," ta ce, da ƙyar yake jin ta. "Na je ruga ranar da ka kai gero kasuwa. Ya ce ta buɗe hanya ce. Don kada motar ta tsaya ranar da za a buƙace ta."

"Ita ce ta sa motar ta kusa take yarinyar a gindin darbejiya. Ita ce ta kashe motar a ruwa."

Ya ji ta ja numfashi kamar an soke ta.

"Ba sai ki ba ta ta ɗaura a jikinta ba?"

"Ni in ba ta? Da wane idon?" Sannan ta ce, "Kai kuma da ka gani, rijiya za ka kai ta. Shi ya sa na sa ta can ƙasa, na ɗaure da ɗanyar fata don kada ta faɗi. Malam, don Allah kada ka yanke. Kawu ya ce kada ƙarfe ya raba ta da igiyarta sai an sauka."

Ya kashe wayar. Ashafa ya ji komai, har ya ɗauko wuƙa yana miƙo masa.

"Tunda ta gida ce, yanke mu gyara sukuru ka kama hanya."

Jaji ya karɓi wuƙar. Bai yarda da laya ba jiya, bai yarda da ita yau ba. Ya zura hannu har bakin wuƙar ya taɓa igiyar. Sai ya ga a ransa yana tuƙi, Zaituna a baya, Rakiya ta san an yanke. In wani abu ya faru a hanya, ko ba don haka ba, matar nan ba za ta sake cin abinci da daɗi ba har ta mutu. Shi ma bai tabbata zai ci ba. Ya zaro hannunsa.

"Ba ni ruwa."

"Ruwa kuma? Malam Jaji, lokaci."

"Ɗanyar fata ce. Ta bushe ta yi tauri kamar ƙashi, ba ta kwantuwa sai ta jiƙa."

Ashafa ya miƙo buta. Jaji ya jiƙa tsumma ya naɗe ƙullin, ya riƙa tsiyaya ruwa a kai a hankali, zafin injin na gasa masa hannu. Minti ɗaya, biyu. Gumi na shiga masa ido. Kowane minti yana lissafa shi da nisan titi da zurfin mashigi. Ashafa na ta kai da komo yana duban gabas.

Sai muryar injin ta fara sauka. Ba wanda ya taɓa komai. Ta sauko, ta sauko, ta yi tari biyu, ta mutu.

Ashafa ya tsaya cak, baki buɗe. Sai ya yi wata 'yar dariya da ba ta gama fita daga tsoro ba.

"Ka ga aljanin naka. In ta jiƙa a fadama ta saki waya, sukuru kuma ba ya nan, sai mota ta mutu. In zafin inji ya busar da ita ta ƙanƙance, ta ja totur. Shekara talatin ina wannan aiki, yau Inna Rakiya ta koya mini sabon karatu."

Jaji ya ci gaba da murza ƙullin da farce har ya yi laushi, ya gano bakin igiyar, ya tura shi baya ta cikin madaukin. Ta kwance. Ya sa layar da igiyarta a aljihun gaba. Wayar totur ta miƙe ta koma wurinta. Ashafa ya mayar da sukurun, ya ce a tayar. Ya riƙa juya shi kaɗan-kaɗan, kunnensa a karkace, har muryar ta zauna. Tif-tif-tif. Ya ja totur da hannu ya saki sau uku, kowane karo ta dawo ta zauna inda take. Ya rufe bonet ya ɗaure wayar da kansa.

"Tafi. Allah ya raba lafiya. In namiji ne, ka san sunana."

Yayyafi ya tare shi tun kafin ya bar titi. Ruwan mashigi ya ƙaru a kan na safe, ya ratsa shi bai ɗaga ƙafa ba. A ƙofar gida ya tarar da mata sun fito da Zaituna, leɓunanta sun yi fari, ba ta iya tsayuwa. Aka kwantar da ita a kujerar tsakiya. Wata maƙwabciya ta ɗauko mayafi za ta shiga, don kowa ya san uwa ba ta raka 'yar fari wajen haihuwa. Rakiya na tsaye a bakin zaure tana kallon ƙasa.

Jaji ya zagayo, ya ciro layar ya sa mata a tafin hannu. Ta duba igiyar, ta ga ba a yanke ba.

"Shiga," ya ce.

"Malam, mutane."

"Shiga, ki riƙe mata kai."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta shiga.

Da suka iso gangaren mashigi ruwan sama ya sauko sosai. Jaji ya sa giya ta ɗaya ya shiga. Ruwa ya kai ƙasan ƙofa, yana jin yadda yake turo motar ta gefe. Suna kaiwa tsakiya, inda ya fi zurfi, sai ga garken shanu sun ɓullo daga cikin dogayen ciyayi suna gudun ruwan sama, sun cika mashigin gaba ɗaya. Farare, manyan ƙahoni, sun fi hamsin. Makiyayin na can baya yana ɗaga sanda.

Ba hanya. Dole ya tsaya, kuma ƙasan wurin gangare ne, in bai taka birki ba ruwa zai ja su zuwa rami. Birkin hannu babu. Ƙafar dama ɗaya ce, ko totur ko birki. Nan ne daidai inda ta mutu ran nan. In ta mutu yau, ba mai tura ta, batirin ma ba ya bugu uku a jere.

Ya ce bismillahi, ya taka kulochi, ya ɗauke ƙafa daga totur.

Muryar ta sauko. Ta ci gaba da saukowa har ya ji kamar zuciyarsa ce ke tsayawa. Ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa yana taɓa masa diddige. Salansa na tafasa ruwa a baya, bul-bul-bul. Sai ta zauna. Tif-tif-tif, a hankali, ba hawa ba sauka.

Shanun suka yi ta wucewa suna gogar fitilu. Jaji bai ƙirga su ba, injin yake saurare. A bayansa Zaituna ta yi wani nishi mai tsawo, sai kuma ta yi shiru, shirun da bai so ba. Bai iya juyawa ba. Sai ya ji wata murya ƙasa-ƙasa, tana rawa.

"Zaituna. Zaituna, buɗe ido. Ga ni nan."

Sai da ya ɗan jima kafin ya gane muryar matarsa ce. Zaituna ta amsa da ƙyar, "Inna."

Saniya ta ƙarshe ta wuce da ɗan maraƙinta. Jaji ya mayar da ƙafa kan totur, ya saki kulochi a hankali, Tsohuwa ta ja jiki ta hau tudu tana zubar da ruwa ta ko'ina.

La'asar sakaliya suka shiga asibitin Jahun. Aka ɗora Zaituna a gadon turawa aka wuce da ita, aka ce aiki za a yi mata. Jaji ya sa hannu a takarda, ya fito ya zauna a baranda, wandonsa jiƙe har gwiwa. Rakiya ta zauna can nesa da shi, hannunta a dunƙule. Ana shirin kiran magariba wata malama ta leƙo ta tambayi masu Zaituna Sagiru. Ta ce mace ce, tana da rai, uwar ma ta farfaɗo. Ta ce da an ƙara awa ɗaya, da labarin ba haka yake ba.

Jaji ya yi hamdala. Rakiya ta juya fuska wajen bango, kafaɗunta na motsi. Da malamar ta ce uwar mai jego ta shigo ta ga jika, sai ta gyara mayafi ta ce a bari tukuna, ai akwai lokaci.

Ya matsa kusa da ita.

"Ashafa yana gaishe ki. Ya ce in kin samu lokaci ki je ki koya masa aiki."

Ta sunkuyar da kai.

"Nan gaba in za ki ɗaura wa motata wani abu, ki ɗaura a madubi, inda zan gan shi."

Ta share ido da bakin mayafi, ba ta dube shi ba.

"Wane madubin, Malam? Wanda ya faɗi bara?"